Na Koma Tashar da Babu Kowa, Amma Wi-Fi Ya Ƙara Rauni

Tambaya: A ginin da nake zaune akwai rautoci (na'urorin da ke yaɗa Wi-Fi) na maƙwabta fiye da goma, kuma da na duba da manhaja sai na ga kusan duka suna kan tasha ta 1, ta 6 ko ta 11. Sai na mayar da tawa tasha ta 3 tunda babu kowa a kanta, amma intanet ɗin ya ƙara tafiyar hawainiya. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, niyyar kauce wa cunkoso daidai ce, lambobin tashoshin ne suka ruɗe ka. A zangon mitar rediyo na gigahaz 2.4, inda waɗannan tashoshin Wi-Fi suke (ana auna mita da megahaz, kuma megahaz 1000 ne gigahaz ɗaya), tsakiyar tasha ta 1 tana kan megahaz 2412, ta 2 kuma tana kan 2417, wato tazarar megahaz 5 ce kacal tsakanin kowace tasha da mai bi mata, alhali siginar Wi-Fi guda tana cin faɗin kusan megahaz 20. Saboda haka tasha ta 3 ba fili ba ce, domin siginarka ta hau kan ta masu tasha ta 1, ta kuma taɓa ta masu tasha ta 6. Dalilin da ya sa aka saba da 1, 6 da 11 ke nan: tazarar megahaz 25 da ke tsakaninsu ta isa kowace ta zauna ba tare da shiga hurumin 'yar uwarta ba.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Ƙa'idar aikin Wi-Fi mai suna 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fara fitarwa a 1997, ta ɗora wa kowace na'ura ladabin saurare kafin magana. Idan rautoci biyu suna kan tasha ɗaya, kowace tana gane saƙon ɗayar, sai ta jira ta gama kafin ta aika nata. Sauri yana raguwa saboda ana raba lokaci, amma saƙonni suna isa lafiya. Idan kuwa rabin tashar kawai suka haɗa, ba sa fahimtar juna, sai kowace ta ji ɗayar a matsayin hayaniya. A nan ne saƙonni ke lalacewa a hanya, a yi ta maimaita aikawa, na'urar kuma ta sauke saurinta da kanta domin saƙon ya samu wucewa. Wannan cutarwa ba kai kaɗai take shafa ba, har maƙwabtan da ke gefenka biyu, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa a bar ɗabi'ar.

Ka koma ɗaya daga cikin ukun nan, amma kada ka zaɓa da ƙidayar rautoci kawai. Ka dubi ƙarfin siginarsu: maƙwabta huɗu da manhajar ke nuna su a kusan -85 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina), wato sigina mai rauni, sun fi sauƙin zama tare a kan guda ɗaya mai sigina mai ƙarfi ta -50 da ke bayan bangonka. Ka kuma tsayar da faɗin tasha a megahaz 20, domin 40 a wannan zango yana cinye kusan rabin filin gaba ɗaya.

Idan rautarka da wayarka suna ɗaukar gigahaz 5, can ne mafita ta gaskiya, saboda tashoshi irin su 36, 40, 44 da 48 ba sa hawa juna, kuma siginar ba ta ratsa bango sosai, don haka ta maƙwabci ba ta cika iso maka da ƙarfi ba. Sai dai ka sani cewa daga tasha ta 52 zuwa sama akwai waɗanda ake rabawa da na'urorin rada, kuma rauta za ta bar tashar nan take idan ta ji alamarsu.

Idan ka gyara duk wannan amma katsewar tana zuwa a wasu lokuta kawai, ka duba ko akwai murhun maikirowef kusa da rautar, domin yana aiki a kusan megahaz 2450, kuma manhajar duba tashoshi ba ta nuna shi.