Wa ke da hurumin cewa maganar ɗan siyasa wariyar launin fata ce?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ina karatu a Ingila, muna da wani zama da muke yi da 'yan uwa duk ƙarshen mako, toh ranar nan gardama ta kaure akan wata magana da wani ɗan siyasa ya yi kan baƙi 'yan ci-rani. Wani yace wariyar launin fata ce ƙarara, wani yace ai mutumin ya fito ya ce ba haka yake nufi ba kuma babu kotun da ta kama shi da laifi dan haka mu daina masa ƙazafi, wani kuma yace mu baƙaƙen fata mu kaɗai ne zamu ce abu wariya ne ko ba wariya ba, Bature bashi da ta cewa. Wallahi har an kusa ɓatawa. Dan Allah Malam tunda kai fannin shari'a ka karanta, wa ke da hurumin yanke wannan hukuncin?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillah, Allah ya bada sa'ar karatu.

Toh kowanne cikin abokanka uku ya riƙo wani yanki na gaskiya, matsalar dai kowa yana so a ce alƙali ɗaya ne tak, alhali babu wannan alƙalin. Bari in fara da ƙasar da kake zaune, dan daga nan ne ruɗanin abokinka na uku ya samo asali.

A watan Afrilun 1993 wasu samari Turawa suka daɓa wa wani yaro baƙar fata wuƙa a unguwar Eltham a kudu maso gabashin Landan yana tsaye yana jiran bas, sunansa Stephen Lawrence, shekararsa 18. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, iyayensa suna ta faɗa cewa saboda fatarsa aka kashe shi ba a saurare su yadda ya kamata ba, sai a 2012 aka samu mutum biyu da laifin kisan. A tsakani gwamnati ta naɗa tsohon alƙali Sir William Macpherson ya bincika, ya fitar da rahoto a 1999 inda ya ce akwai wariya a cikin tsarin aikin 'yan sandan Landan kansa, sannan ya kawo wata ƙa'ida wadda har yau ake amfani da ita, cewa duk abin da wanda aka yi wa ko wani mutum daban ya ɗauka na wariya ne, toh 'yan sanda su rubuta shi a matsayin na wariya. Nan ne mutane da yawa suke zamewa. Ƙa'idar ta karɓar ƙorafi ce, wato ɗan sandan da ke kan kanta bashi da ikon ya ce maka "kai dai ka cika zargi, je ka gida", dole ya rubuta ya bincika a haka. Ba ta ce da zarar ka faɗa shikenan an kama mutum da laifi ba, idan aka je kotu sai an kawo hujja kamar kowace shari'a. Kuma ka lura ta ce ko wani mutum daban, kenan Baturen da ya gani da idonsa shima yana da bakin magana.

Dan haka abokinka na uku yana da gaskiya a rabi, kuma rabin nan mai nauyi ne, bana so a raina shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka sha bi a baya cikin kanti kamar ɓarawo, wanda aka sha ce masa ɗakin haya ya kamu da zarar an ga fuskarsa bayan a waya an ce akwai, wannan yana jin abubuwa cikin magana waɗanda wanda bai taɓa ɗanɗana ba bazai ji ba, dan haka shi ya kamata a fara saurara kuma a saurare shi da gaske. Amma shi shaida ne, shaida na farko ma, kujerar alƙali daban ce. Dalili kuwa mu kanmu bakinmu ba ɗaya bane. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta fitar da rahoton wani kwamiti da Tony Sewell ya jagoranta, shi baƙar fata ne kuma yawancin 'yan kwamitin ba Turawa bane, suka ce basu ga cewa tsarin ƙasar an gina shi da gangan dan a danne tsiraru ba, wasu baƙaƙen fata masu yawa kuma suka ce wannan rahoton wanke gwamnati ne kawai. Toh idan fata ce ke yanke hukunci, fatar wa zamu bi a nan? Sannan ga Diane Abbott, mace baƙar fata ta farko a majalisar dokokin Birtaniya tun 1987, wadda ta sha zagi na wariya fiye da kusan kowace 'yar majalisa a ƙasar, ita ce a 2023 ta rubuta a jarida cewa abin da Yahudawa da 'yan Ailan da wasu suke fuskanta ba irin wariyar da baƙar fata ke fuskanta bane, jam'iyyarta ta Leba ta dakatar da ita, ta nemi afuwa. Shan wuyar da mutum ya yi baya sa shi ya san ciwon kowa.

Abokinka na biyu kuwa abu biyu ya haɗa. Na farko wai mutumin ya ce ba haka yake nufi ba. Wannan ni a wajena shi ne mafi raunin hujja a duk gardamar, dan wanda ake tuhuma ba shi ne alƙalin kansa ba. Ko a fiƙihu da zahiri ake hukunci, zuciya kuma a bar wa Allah. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariya, wadda Najeriya ma tana ciki, da ta zo fassara wariya ta ce abin da aka yi da nufin tauye wa mutane haƙƙi ko kuma wanda sakamakonsa ya zama haka, kaga kenan ba sai an tona zuciyar mutum ba. Kuma bata tsaya kan launi kaɗai ba, ta haɗa da zuri'a da ƙabila da asalin ƙasa, abin da ke nufin irin maganar da ɗan siyasar gida zai hau mumbari ya yi kan wata ƙabila tana cikin wannan ma'aunin, ba Turawa kaɗai aka rubuta wa ba.

Na biyu wai kotu bata kama shi ba. Kotu tana da hurumi kam, amma huruminta ƙunci gare shi, tambayar da take amsawa ita ce ko an karya wata doka takamaimai a wannan ƙasar, kuma dokokin sun bambanta sosai. A Amurka tsarin mulki ya kare 'yancin magana har ta kai ɗan siyasa zai iya faɗin magana mai muni ƙwarai babu kotun da zata taɓa shi. A Holan kuma ɗan siyasa Geert Wilders ya tambayi magoya bayansa a 2014 ko suna son 'yan Maroko su ƙaru ko su ragu, suka amsa da ihu su ragu, yace za a yi, kotu ta kama shi da laifi a 2016 ba tare da ta ci shi tara ko ta ɗaure shi ba, kotun ƙoli ta tabbatar da laifin cin zarafin wata al'umma a 2021, duk da haka a zaɓen 2023 jam'iyyarsa ce ta zo ta ɗaya. A Afirka ta Kudu waƙar gwagwarmaya ɗaya da ɗan siyasa Julius Malema yake rerawa kan Turawa manoma, kotu ta ce kalaman ƙiyayya ce a 2011, wata kotun ta ce ba haka bane a 2022. Idan muka ce sai abin da kotu ta hukunta ne wariya, toh magana ɗaya zata zama wariya a wata ƙasa ta zama ba komai a wata, kuma ai dokokin wariya na Afirka ta Kudu na da kansu a kotu aka riƙa zartar da su shekara da shekaru.

Akwai wani wanda abokanka basu ambata ba, wato majalisa ko jam'iyya, kuma abin da ya faru a Amurka a watan Yulin 2019 ya isa misali. Shugaba Trump ya rubuta a Twitter cewa wasu 'yan majalisa mata su koma ƙasashen da suka fito su gyara su, kowa ya san su wa yake nufi, Ilhan Omar da Rashida Tlaib da Ayanna Pressley da Alexandria Ocasio-Cortez, uku daga cikinsu a Amurka aka haife su, Ilhan ce kaɗai aka haifa a Somaliya kuma itama 'yar ƙasa ce. Shi ya ce babu ko ɗigon wariya a jikinsa. Ranar 16 ga wata majalisar wakilai ta zauna zata yi Allah wadai, Nancy Pelosi wadda ita ce shugabar majalisar a lokacin ta miƙe ta kira maganar wariya, sai wani ɗan Rifablikan, jam'iyyar Trump, ya tashi yace a goge kalamanta daga kundin zama saboda akwai tsohuwar ƙa'ida da ta hana a jefi shugaban ƙasa da irin wannan kalma a zauren. Aka tsaya cak ana ta cacar baki, har wanda ke riƙe da zaman, Emanuel Cleaver, ya ajiye gudumar ya bar kujera dan takaici. Daga ƙarshe aka yanke cewa eh kalamanta sun saɓa ƙa'ida, sai kuma aka kaɗa ƙuri'a aka ƙi goge su, sannan ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 240 kan 187, 'yan Rifablikan huɗu kacal suka goyi baya. Ni ina ganin majalisar ta faɗi gaskiya ranar, amma ba dan ƙuri'ar ba, dan da a ce ɗaya jam'iyyar ce ke da rinjaye da ƙudurin ya faɗi kuma maganar tana nan yadda take. Abin da ya sa nake cewa wariya ce shi ne an ce wa 'yan ƙasa su koma gida ba dan komai ba sai dan kamanninsu da sunayensu, kuma hukumar gwamnatin Amurka mai kula da adalci a wajen aiki da kanta ta daɗe da sa irin wannan kalma ta "koma inda ka fito" cikin misalan cin zarafin da zai iya jefa wajen aiki cikin matsalar doka.

Toh kaga inda na dosa. Kowa a zamanku yana da hurumin ya yi hukunci, baƙi ko fari, amma sharaɗin shi ne ya ɗora hujjarsa a faifai inda kowa zai iya dubawa. Ku nemo maganar gaba ɗayanta ba guntun bidiyo na daƙiƙa goma ba, ku duba shin manufa ya soka ko mutane, dan wanda yace a rage yawan biza ko a tsaurara iyaka siyasa yake yi ko da bamu so, wanda kuma yace mutanen ƙasa kaza ɓarayi ne ko ƙazamai ne ya jingina laifi ga jini. Ku tambaya da a ce baƙin nan farare ne daga wata ƙasar Turai zai faɗi haka? Ku duba tarihinsa, sau ɗaya ne ko ɗabi'a ce, kuma da aka nuna masa ya gyara ko ya ƙara. Sannan abin da nafi ba muhimmanci, me ya biyo bayan maganar.

Wannan na ƙarshen Tunisiya ce ta koya min nauyinsa. A watan Fabrairun 2023 shugaba Kais Saied ya ce kwararar baƙin haure daga ƙasashen kudu da Sahara wani shiri ne na sauya asalin al'ummar Tunisiya. Tarayyar Afirka ta bakin shugaban hukumarta na lokacin Moussa Faki Mahamat ta yi tir da maganar, shi kuma ya musa, har ya ce ai akwai 'yan uwansa da suka auri 'yan Afirka na kudu da Sahara. Ana wannan musun a sama, a ƙasa kuma masu gidaje suna fitar da baƙaƙen fata da kayansu, ana korarsu daga aiki, ana tare su a hanya, har da ɗalibai masu takardu cikakku, wasu suka koma kwana a bakin ofishin hukumar kula da ƙaura ta duniya a Tunis, ƙasashe irin su Gini da Mali da Kodebuwa suka tura jirage suka kwashe mutanensu. Kuma ƙasar tana da dokar hana wariya tun 2018, amma wa zai kai shugaban ƙasa ƙara? Da za a jira kotu ko a jira shi ya amsa da bakinsa, da har yau ba a kira abin da sunansa ba, wallahi wannan yana ci min rai duk lokacin da na tuna.

Abu ɗaya zan roƙe ku, ku riƙa raba magana da mai magana. Cewa "wannan maganar wariya ce" abu ne da zaka iya tabbatarwa a zama ɗaya, cewa "wannan mutumin mai wariya ne" kuma yana buƙatar tarihi mai tsawo, kuma da zarar ka fara da na biyun gardama ta koma kan zuciyarsa inda babu mai iya shiga, shi kuma abin da yake so kenan. Baka faɗa min ko wane ɗan siyasa bane ko me ya ce ba, idan ka turo min maganar cikakkiya da inda ya yi ta zan faɗa maka yadda nake ganinta insha Allah. Ka gaida min 'yan zaman naku.