Dayis ya tayar min da ƙuraje, zan iya sake yi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na yi ƙunshin bikin ƙanwata da dayis. Bayan kwana biyu sai duk inda zanen ya bi ya tashi, ga ƙaiƙayi, ga ƙuraje masu ruwa. Alhali na sha yi a baya lafiya ƙalau. Me ya jawo, kuma in na warke zan iya sake yi?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ba jan lalle ne ya yi miki wannan aiki ba. Ganyen lalle ja yake kamawa, kuma sai ya yi sa'o'i a hannu. Baƙin nan da ke kamawa nan da nan, galibi sinadarin PPD ne a cikinsa, wanda ake rina gashi da shi. A Amurka ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta yarda a shafa shi a fata ba.

Batun kin sha yi lafiya kuwa, ai haka abin yake zuwa. Garkuwar jiki takan daɗe ba ta kula da sinadarin ba, ranar da ta gane shi sai ta ƙulla gaba da shi. Daga nan duk ya taɓa fata, cikin kwana ɗaya zuwa uku kumburi zai bi zanen, ganye-ganye, fure-fure, ba ya tsallake layi. Kuma wannan gaba ba kasafai take ƙarewa ba. Don haka kada ki sake. Ki kiyayi baƙin rinin gashi ma, yawancinsa da PPD; a kai abin ya fi muni, fuska takan kumbura har ido ya rufe.

Yanzu dai kar ki fasa ƙurajen, kar ki dirje wurin da lemun tsami ko toka. Ki wanke da sabulu mara ƙamshi, ki ɗora tsumma mai sanyi, ki je ki ga likita. Yawanci man shafawa na steroid mai rage kumburi ake rubutawa na 'yan kwanaki, da maganin ƙaiƙayi. In mugunya ta fito, ko zazzaɓi, a koma asibiti. In numfashi ya yi wuya, a tafi nan take.

Tabon, baƙi ko fari-fari, yakan kai watanni kafin ya dushe, man bilicin kuwa ƙara ɓata shi zai yi. Ƙananan yara da ake kaiwa gidan ƙunshi da Sallah ma a tsaya musu a jan lalle.