"Ta kece raini ce": tsada ake nufi ko inganci?

Tambaya: Ina haɗa lefe. Duk shagon da na shiga, sai a zaro mini shadda ko atamfa a ce "wannan ta kece raini ce", kuɗinta kuwa ya ninka na sauran. Me ake nufi, kuma ya dace in biya?

Amsa: Malam, abin kece raini shi ne wanda idan aka gan ka da shi, ba mai sake yi maka kallon banza. Ana faɗin haka a kan mota, waya, gida, har biki. Maganar tana kan idon jama'a ne, ba ta ce komai game da ƙarkon kaya ba. Ta bambanta da "ɗan karen tsada", wanda ƙorafin mai saye ne. "Kece raini" kirarin mai sayarwa ne, shi ya sa ba za ka taɓa jin ɗan kasuwa ya ce hajarsa na da ɗan karen tsada ba.

To, ka bar kirarin, ka duba yadin. Atamfar Vlisco, wadda ake yi a Helmond ta ƙasar Holan tun 1846, ana sayar da turminta yadi 6, da sunan kamfanin da lambar zane a bakin yadin. Juya ta: zanen ya fito ciki da waje kusan daidai. Idan bayan ya koɗe, an buga zanen ne a fuska ɗaya kawai. Kada takardar da aka manna ta ruɗe ka, ita ce abu mafi sauƙin kwaikwaya.

Shadda ta fi wuyar sha'ani, domin ƙyalli na yaudara. Shaddar kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya auduga ce zalla. Ka roƙi a zare maka ɗan zare daga baki, ka fita waje ka ƙona. Auduga na ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Idan zaren ya narke ya dunƙule ya yi tauri, da roba a ciki, kuma irin wannan ce ke riƙe zafi a jiki. Sannan ka goga farin ƙyalle mai ɗan danshi a gefe, ka ga ko rini zai biyo shi.

Wajen ciniki kuma, kada kalmar ta fito daga bakinka. Da zarar ka ce "ta kece raini nake so", ka gaya wa mai shago cewa fita kunya ce ta kawo ka, kuma da wuya ka sami ragi. Ambaci sunan yadin da adadin da kake so, ka ji farashi a shago uku kafin ka taya. Idan aka ce maka "albarka", ka yi sallama ka nufi ƙofa. In da sauran ragi, za a kira ka.

A lefe, kala biyu ko uku masu tsada sun isa. Sauran ka sayi masu jure wanki, don su amarya za ta riƙa ɗaurawa kullum.