Kuɗin fansho da ake yanka a albashi: ko ma'aikaci na da ikon ƙin biya?

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Duk wata sai an yanke mini kuɗin fansho ba tare da an nemi yardata ba, alhali albashin ko ƙarshen wata ba ya kai mu. Ga shi kuma ina ganin waɗanda suka yi ritaya kafina abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Shin ina da damar ficewa daga wannan tsari in riƙa ajiye kuɗina da kaina?

Amsa: Malam, a halin da doka take ciki yanzu ba ka da wannan dama. Dokar sake fasalin fansho ta 2004, wadda aka maye gurbinta da ta 2014, ta wajabta wa ma'aikacin gwamnatin tarayya ya ba da kashi 8 cikin 100 na albashinsa, gwamnatin da ta ɗauke shi aiki kuma ta ƙara aƙalla kashi 10. Ba a kan duk abin da ke shiga aljihunka ake lissafin ba, mafi ƙarancin abin da doka ta ce a haɗa shi ne ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan uku suka kama naira 150,000, za a yanke maka 12,000, gwamnati ta ɗora 15,000, wato 27,000 ke nan ya kamata su shiga asusunka kowane wata. Saboda haka wanda ya fice, da a ce ana fita, ba nasa kawai zai ɗauka ya tafi ba, zai bar kason gwamnati ne wanda ya fi nasa yawa.

Waɗanda suka fita daga tsarin ba ɗaiɗaiku suka fita ba, gyaran doka ne ya fitar da su, kamar yadda aka cire sojoji da jami'an leƙen asiri a 2011. 'Yan sanda ma sun daɗe suna neman haka, har tsofaffinsu sun yi zanga-zanga a Abuja, kuma a ganina wannan wariya tana cikin abubuwan da suka fi ɓata wa sauran ma'aikata rai, domin duk wanda ya ga masu ƙarfi suna gudun abu dole ya yi zargin akwai lauje cikin naɗi.

Sai dai ya kamata a tuna abin da ya haifar da tsarin. Kafin 2004 ma'aikaci ba ya biyan komai, gwamnati ce ke alkawarin giratuti da fansho daga kasafin kuɗinta, kuma alkawarin ya riƙa karyewa har bashin da ya taru aka ƙiyasta shi da kimanin naira tiriliyan 2. Tsofaffi sun sha layin tantancewa a rana, wasu sun rasu ba su karɓi haƙƙinsu ba. Kuɗin da ke hannun jami'ai kuma ya zama ganima. Shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda kotu ta ɗaure shekara 8 a 2021, ta shafi kuɗin 'yan fansho na tsohon tsari ne. A sabon tsari asusun yana ɗauke da sunanka da lambarka, kamfanin gudanar da fansho da ka zaɓa shi ke juya kuɗin, amma ba ya riƙe su a hannunsa, wani kamfanin ajiya ne daban ke riƙewa, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, kuma tana sa ido a kan duka biyun. Ta fuskar hana sata, wannan ya fi na da nesa ba kusa ba.

Inda kukanka yake da tushe shi ne darajar abin da ake tarawa. Tsohon tsari yana danganta fansho da albashin ƙarshe, sabon kuwa yana danganta shi da abin da ka tara da ribarsa, don haka haɗarin tsadar rayuwa ya koma kan ma'aikaci. Mafi yawan kuɗin ana zuba su ne a takardun lamunin gwamnatin tarayya, kuma a 2024, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ribar da asusun ke samu ba ta kamo ta ba. Lambobi suna ƙaruwa a takarda, buhun shinkafar da za su saya yana raguwa. Ga kuma waɗanda suka fara aiki kafin 2004, waɗanda haƙƙinsu na shekarun baya sai gwamnati ta biya kafin a fara ba su fansho, kuma jinkirin biyan ya sa wasu sun zauna fiye da shekara babu ko sisi. Galibin tsofaffin da ka gani suna kuka, ɗayan waɗannan biyun ne ya same su, ko kuma albashin da aka riƙa yanka a kansa tun asali ƙarami ne.

Tunda fita ba ta yiwuwa, abin da ke hannunka shi ne bibiya. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfaninka, ka jera shi da takardun albashinka wata bayan wata, domin doka ta ce a tura kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi, kuma wanda ya jinkirta akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 a kowane wata. Idan ka ga an yanka ba a tura ba, ka rubuta ƙorafi zuwa PenCom tun kana cikin aiki, kada ka bari sai ranar ritaya. Idan kamfanin ne bai gamsar da kai ba, tun Nuwamban 2020 an buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Wanda kuma damuwarsa kuɗin ruwa ne, cikin rukunonin asusun fansho akwai asusu na 6 da ake juyawa bisa ƙa'idojin Shari'a, kuma da buƙatarka ake mayar da kai can.

Batun taɓa kuɗin kafin ritaya kuwa, ƙofofin ƙanana ne. Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100. Tun 2022 kuma ana iya amfani da har kashi 25 a matsayin kuɗin somin-taɓi na rancen gida, ga wanda ya cika sharuɗɗa. Idan kuma a ƙarƙashin jiha wani yake aiki, to ya duba dokar jiharsa, domin jihohi irin su Kano da Jigawa suna yankan kuɗin ne zuwa asusun bai-ɗaya, ba asusun mutum ɗaya ba, kuma yawancin abin da na bayyana a nan bai shafe su ba.