Tambaya da Amsa: Ina neman kujerar shugaban sashen fasaha, amma shiru kake ji

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai rubuta manhaja ne, ɗan Kano, ina aiki da wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Abuja. Na shekara tara a wannan sana'a, kuma yanzu ni ne babba a cikin masu rubuta manhaja a ofishinmu. Burina in zama shugaban sashen fasaha, wato CTO. Na yi ta tura takardun neman aiki ta LinkedIn, shafin neman aiki na intanet, amma ko kiran ganawa ban samu ba. Ana cikin haka sai wani abokina ya buɗe kamfani, ya ce in zo in riƙe masa wannan muƙami, babu albashi tukuna, amma zai ba ni kaso a kamfanin. Ina da mata da 'ya'ya biyu. Me ya hana a kira ni, kuma in karɓi tayin abokina?

Daga wani mai karatu a Abuja

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya sa albarka a iyali. Kada shirun nan ya sa ka zargi iyawarka. Kujerar da kake nema guda ɗaya ce tak a kowane kamfani, kuma da wuya masu kamfani su miƙa ta ga mutumin da takardarsa kawai suka gani. Wanda aka ɗora a kanta shi ke riƙe da mabuɗan komai, daga bayanan abokan hulɗa har hanyar da kuɗi ke bi. Amana ce, kuma mutane sun fi ba da amana ga wanda suka zauna da shi, ko wanda wani amintaccensu ya tsaya masa.

Dubi yadda wasu suka hau ta. Felix Ike na Moniepoint yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin a 2015, tun ana kiransa TeamApt, da shi aka fara tun daga tushe. Werner Vogels kuwa ya shiga Amazon a 2004 da wani muƙami daban, sai a 2005 aka naɗa shi shugaban fasaha, bayan an ga kamun ludayinsa. Akwai kuma waɗanda masu zuba jari ko kamfanonin farauto manyan ma'aikata ke kai sunansu. Su ma waɗannan mutane suke tambaya: wa kuka sani da zai iya? Sau da yawa kafin a manna sanarwa a intanet, an riga an tattara sunaye biyu ko uku.

Abin da na fi so ka tsaya a kansa shi ne wannan. A wasiƙarka ka faɗa mini ƙwarewarka wajen rubuta manhaja, amma ba ka ce mutum nawa ke ƙarƙashinka ba, ko ka taɓa ɗaukar ma'aikaci, ko sallamarsa, ko kare kasafin kuɗi a gaban masu kamfani. Ina kyautata zaton takardarka ma haka take, cike da sunayen harsunan kwamfuta. Mai neman shugaban fasaha ya riga ya ɗauka ka iya waɗannan. Tambayoyinsa wasu ne daban.

Zai tuna maka ranar 14 ga Maris 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har da na kamfanin MainOne, bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. Sai ya ce da kai ne a kujerar, wane tanadi ka yi kafin ranar, kuma me za ka faɗa wa jama'a da rana tsaka? Ka hango mai POS a bakin Kantin Kwari, ga ɗan kasuwa tsaye a kansa yana nuna masa waya, an cire kuɗi amma shi bai ga alat ba, layi kuma sai tsawo yake yi. Wannan mutumin yana ƙarshen igiyar da kai ka riƙe farkonta. Idan ba ka iya bayyana wa shugaban kamfani abin da ya faru da harshen da zai gane, ba tare da ka ɗora wa yaran ofis laifi ba, to da saura.

Zai kuma tambaye ka kuɗi. Yawancin kamfanoninmu hayar manyan kwamfutoci suke yi a wurin Amazon, Google ko Microsoft, kuma da dala ake lissafin farashin. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ke samun kuɗin shigarsa da naira sai ya wayi gari hayar ta ninka fiye da sau uku, alhali aikin bai ƙaru ba. Wanda zai iya cewa ga abin da na kashe, ga abin da na mayar wani wuri mai sauƙi, ga abin da ya ragu a wata, shi ake saurara. Sai kuma doka. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da hukumar da ke sa ido a kanta, ga kuma ƙa'idojin Babban Banki ga duk mai taɓa kuɗin mutane. Ka zauna ka karanta su da kanka, kada ka bar wa lauya shi kaɗai.

Saboda haka shawarata ka fara daga inda kake. Ka sami maigidanka a wurin aiki, ka roƙi a ba ka wani aiki sukutum, da mutanensa da kasafinsa, ka ɗauki nauyin nasararsa da faɗuwarsa. Ka nemi a riƙa shiga da kai zaman da ake yi da masu binciken kuɗi da kamfanonin da kuke sayen kaya a wurinsu, ko da zaman na da gundura. Muƙamin shugaban injiniyoyi shi ne matakin da ke gabanka, kuma daga shi ake yawan tsallakawa. Sannan ka sake rubuta takardarka, kowane layi ya faɗi matsalar da ka tarar da abin da ya canza a hannunka. Ka kuma fita a san ka. Tarukan masu rubuta manhaja na DevFest ana yin su a Kano da Kaduna da Abuja, ga cibiyoyin fasaha irin CoLab ta Kaduna. Ka tsaya ka yi bayanin wata matsala ta gaske da kuka warware. Mu 'yan Arewa muna da kawaici, muna jin nauyin faɗin abin da muka yi, kuma wannan na cutar da mu a wannan fage, domin yawancin masu zuba jarin suna Legas, ba su da hanyar sanin ka idan ka yi shiru.

Game da abokinka kuwa, tayin na iya zama alheri, domin ƙofar da Felix Ike ya bi ke nan. Amma ka sani a kamfanin mutum uku muƙamin suna ne kawai, kai ne mai rubuta manhaja, kai ne mai gyara idan ta tsaya da ƙarfe biyun dare. Kafin ka amsa, ka ga takardar rajistar kamfanin ta CAC da idonka, ka san su waye masu hannun jari. Ka tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa biyan kuɗi don abin da yake sayarwa, da kuma watannin da kuɗin da ke hannunsa zai kai su. Kason da ya ambata a rubuta shi da adadi. Al'adar irin waɗannan kamfanoni ita ce kason ya riƙa zama naka sannu a hankali cikin shekara huɗu, kuma idan ka tafi kafin shekarar farko ta cika ba ka da komai. Ka tabbata sharaɗin ya hau kansa shi ma. Kada kunya ta hana ka neman rubutu don yana abokinka, ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Da ni ne kai, da mata da 'ya'ya biyu, ba zan ajiye aikin albashi yanzu ba. Ka duba yarjejeniyar aikinka, idan ta ba ka damar yin wani aiki a gefe, ka taimaka masa da dare da ƙarshen mako na tsawon wata shida, a kan rubutaccen sharaɗi. Ka kuma yi shawara da uwargida tun yau, domin lokacinta da na yara za ka ɗiba. Idan wata shidan ya cika, kamfanin ya sami masu saye kuma zai iya biyan ka abin da zai riƙe hayar gida da kuɗin makaranta, sai ka yi istihara ka yanke hukunci.