iPhone 16 Pro Max ko Galaxy S25 Ultra? Amsa ga Hajiya mai atamfa da wasu biyu

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda a kasuwar Kejetia da ke Kumasi. Rabin cinikina yanzu a WhatsApp yake: in ɗauki hoton kaya in tura, masu saye daga Tamale da Techiman da Wa su zaɓa, su turo kuɗi ta MoMo, asusun kuɗi na layin waya, in kai musu tasha. Wayar Android da nake riƙe da ita shekara huɗu ta gaji. Na kwashi adashi, ina so in sayi babbar waya sau ɗaya in huta. 'Yata ta ce iPhone 16 Pro Max, ɗan ƙanena ya ce Samsung S25 Ultra. Layi biyu nake da su, MTN da Telecel. Wacce zan ɗauka? (Hajiya, daga Aboabo)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a adashin nan. Ba zan ja ki da nisa ba, Samsung ɗin za ki ɗauka. 'Yarki ba ta yi kuskure ba da ta yaba iPhone, waya ce ta gaske. Sai dai ita da irin amfaninta ta auna, ni kuwa da rumfarki nake aunawa.

Layukanki biyu su ne farkon abin da ya sa na karkata. S25 Ultra da ake kawowa kasuwanninmu tana da gurbin sim biyu, ki sa MTN ki sa Telecel, magana ta ƙare. iPhone 16 Pro Max kuwa ya danganta da ƙasar da aka yo ta dominta. Ta Turai da ta Dubai gurbi ɗaya gare su, layi na biyu sai an mayar da shi eSIM, wato layin da ake dasawa cikin waya ba tare da kati ba. Ta Hong Kong tana cin kati biyu. Ta Amurka ba ta da gurbin sim ko ɗaya, haka suke yinta tun iPhone 14 a 2022. Ba cewa nake yi eSIM ba ya aiki ba, yana yi. Amma ki ƙaddara ranar Asabar da hantsi, kasuwa ta cika, wayar ta faɗi ta ƙi kamawa. In katin yana nan, sai ki zare shi ki zura a ƙaramar wayar nan mai madannai da mutanen garin nan ke kira yam, ki danna *170#, kuɗin mutanen Tamale su ci gaba da shigowa. In eSIM ne, sai kin rufe rumfa kin nufi ofishin kamfanin layi da katin shaidar ɗan ƙasa, Ghana Card, a hannu kin bi sahu. Wanda kuɗinsa ke kwana a MoMo bai kamata ya raina wannan ɗan katin ba. Ko a Samsung ɗin ma ki duba lambar samfurinta: wadda ta ƙare da S938B ita ce ta sauran duniya, wadda ta ƙare da S938U ta Amurka ce, gurbi ɗaya gare ta.

Sai maganar WhatsApp, wanda a gaskiya shi ne littafin kasuwarki. Wa ya karɓi turmi uku bai biya ba, wa ta ce a ajiye mata leshin nan ruwan goro har ƙarshen wata, duk suna cikin hirarrakin shekara huɗun nan. Daga Android zuwa Android, ajiyar da ke Google Drive za ki sauko da ita, komai ya dawo yadda kika bar shi. Daga Android zuwa iPhone akwai hanya, da manhajar Move to iOS, amma dole iPhone ɗin ta kasance ba a fara saita ta ba, kuma in abin ya katse a tsakiya sai an goge an sake daga farko. Na ga wanda ya rasa saƙonnin murya na shekaru a wannan ƙaurar saboda yaron shagon ya riga ya buɗe masa wayar yana gaggawa. Ga kuma wurin ajiya na kyauta: Google gigabait 15 yake bayarwa, iCloud 5. Hotunan atamfa ba sa daɗewa suke cinye biyar.

Abin da na fi so miki a wayar nan shi ne alƙalaminta, S Pen, da ke soke a gindinta. Ki zare shi ko allon yana kashe, ki rubuta a kai kamar takarda, da boko ko da ajami, yadda hannunki ya saba. Ki ɗauki hoton atamfar GTP guda shida a jere, ki zagaye wadda ta rage, ki rubuta farashi a jikin hoton da hannunki, ki tura. Mai saye ba za ta sake tambayar "wacce daga ciki?" ba. iPhone ba ta da wannan. Gilashin allon Samsung ɗin kuma, Gorilla Armor 2, an yi shi ne don ya rage ƙyallin haske, kina tsaye a tasha rana tsaka kina karanta lambar direba ba sai kin kāre da gyale ba. In kika manna masa gilashin kariya na gama-gari za ki rasa rabin wannan amfanin, amma duk da haka ki manna, domin canjin allon waɗannan wayoyin guda biyu kuɗin wata wayar ne sukutum.

Kada adadin megafiksel 200 da ɗan ƙanenki zai yi ta ambata ya ruɗe ki. Wayar da kanta a 12 take ɗauka in ba ki canza ba, iPhone a 24, kuma WhatsApp yana matse hoto kafin ya isa hannun mai saye. Abin da ya shafe ki shi ne kala, kuma a nan sai na yi wa iPhone adalci. An daɗe da sanin Samsung da ƙara wa launi armashi, ja ya ƙara ja, kore ya ƙara sheƙi. Sun rage a wannan, amma mai sayar da zane ba ta son ko kaɗan, domin in kaya suka isa Wa aka ce "ba wannan kalar na gani ba", amana ce ta taɓu. Don haka ki tafi shago da ƙyallen atamfa mai ja da ruwan ƙwai a jaka. Ki ɗauka da wayoyin biyu a bakin ƙofa inda hasken rana yake, ki tura wa wayar 'yarki, ku kwatanta da zanen a hannu. Gani ya kori ji. Bayan kin saya, ki riƙa ɗaukar kaya a hasken rana, ban da ƙarƙashin farin ƙwan rumfa, ki kuma danna HD kafin ki tura.

Kin ce sau ɗaya ki huta. Samsung ta yi alkawarin sabunta manhajar wannan wayar da tsaronta shekara bakwai daga fitowarta a farkon 2025. Apple ma ba ta yar da nata da wuri, iPhone XS ta 2018 ta samu iOS 18 a 2024. Batiri ne zai riga komai gajiya, a shekara ta uku ko ta huɗu ki sa ran canza shi. Ba caja a kwalin ko wacce, waya kawai da igiyarta. Ki sayi kan caja na asali mai wat 45, kada ki haɗa wayar adashi da cajar bakin titi, balle yadda wutarmu ke dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa. Ki sayi wayar a shago mai ƙofa, ki danna *#06# a gaban mai shagon, lambar IMEI da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, a kuma rubuta miki ita a rasit.

Yaya, ni ina ɗaukar bidiyon aure da suna da maulidi a Asawase da Sabon Zango, ina sa wasu a TikTok. Yayana da ke Bronx a Amurka ya ce in zaɓa tsakanin wayoyin nan biyu ya aiko min. Abokaina sun ce ai Samsung ta fi zuƙo nesa, har 8K take ɗauka. (Wani matashi, daga Asawase)

Ƙanena, kai iPhone ce taka. Abokanka gaskiya suka faɗa a kan zuƙowa, S25 Ultra tana da idon ninki uku da na ninki biyar, iPhone na ninki biyar kaɗai. Amma ba tsuntsu kake ɗauka a kan hasumiyar Babban Masallaci ba. Amarya kake bi daga ɗaki mai duhu zuwa tsakar gida mai rana, mata na guɗa, lasifika na tsage kunne, kai kuma kana tafiya da baya. A irin wannan wurin bidiyon iPhone ya fi natsuwa, hasken ba ya tsalle, kuma in ka sauya daga ido zuwa ido ba a cika ganin gaɓar ba. Tana ɗaukar 4K a firam 120 cikin daƙiƙa, ka sassauta lokacin da ake liƙi ya fito sumul. Makirufo huɗu gare ta, da wani tsari mai suna Audio Mix da zai ba ka damar ɗago muryar mai wa'azi sama da hayaniyar taro bayan ka gama ɗauka. In aikinka ya girma, za ka iya jona mata ma'ajiyar SSD ta kafar USB-C ka ɗauka kai tsaye a ProRes, tsarin bidiyo na ƙwararru. 8K kuwa, wa zai kalle shi? Iyayen amarya a WhatsApp za su karɓa.

Yanzu ka saurare ni da kyau a kan Bronx. Kafin yayanka ya biya, ka roƙe shi abu biyu. Ya saya kai tsaye da kuɗi a hannu, kada ya karɓo ta a kan yarjejeniyar biya wata-wata da kamfanin layi na can, domin irin waɗannan a kulle suke zuwa, ba za su karɓi MTN ba sai an gama biya an buɗe. Ya shiga saitin wayar, wurin da aka rubuta About, ya ɗauko maka hoton layin da ke cewa No SIM restrictions. In ba haka aka rubuta ba, kada ta hau jirgi. Sannan ka san tun yanzu cewa ta Amurka ba ta da gurbin sim, don haka ka fara zuwa ofishin kamfanin layinka ka tabbatar za su mayar maka da lambarka eSIM, kuma ka bar layin MoMo a ƙaramar waya daban. Farashinta a can lokacin da ta fito a Satumbar 2024 dala 1,199 ne mai gigabait 256, S25 Ultra kuma 1,299 da ta fito a farkon 2025. In yana da hali ya ƙara ya ɗauko maka mai 512, bidiyo ba ya jin ƙoshi, kuma duk cikinsu ba mai cin katin memori.

In kuma maganar aikowar ta faɗi ka ce za ka nema a Adum, nan cikin Kumasi, to ga abin da ya faru da maƙwabcina bara. Wani yaro ya tare shi a gefen titi da kwali a naɗe cikin leda, farashi ƙasa da na shago sosai, ya ce kuɗin asibiti yake nema. Ya kunna masa, tambarin tuffa ya fito, ya biya. Da daddare muna zaune a kan benci a ƙofar gida, ya sa intanet, wayar ta tsaya a shafi guda tana neman asusun iCloud na wani mai ita da ba mu sani ba. Ya yi ta shafa allon da babban yatsa kamar zai goge rubutun. Washegari muka koma, ba yaro ba alamarsa. Wannan makullin ba mai gyaran da zai cire maka shi da gaskiya, kuma sau da yawa wayar wani bawan Allah ce aka ƙwace. Har yau tana cikin durowarsa. Saboda haka duk iPhone da za ka saya a hannu, a goge ta a gabanka, ka saita ta da asusunka har ta buɗe kafin ka miƙa ko sidi ɗaya. A shafin About ɗin nan ka dubi lambar samfuri: in ta fara da M sabuwa ce aka sayar, F gyararriya ce daga kamfani, N musanya ce, in kuma ta ƙare da LL/A ta Amurka ce. A nan ne kuma za ta nuna maka in an taɓa canza mata allo ko batiri. Ka tuna Apple ba ta da shagon kanta a Afirka gaba ɗaya, sai dillalan da ta amince da su, don haka ka san inda za ka kai ta tun kafin ta lalace.

Malam, kuɗina bai kai ba, saura kamar kashi ɗaya cikin uku. In ci bashi in cike? (Wani malamin makaranta, daga Tafo)

A'a, Malam, kada ka ci. Ka sauko taki ɗaya. Galaxy S24 Ultra ta Janairun 2024 ita ma alkawarin shekara bakwai gare ta, batirinta mAh 5,000 ne daidai da na S25 Ultra, kyamararta 200, kuma alƙalaminta yana da Bluetooth da aka cire a na S25, har hoto kana iya ɗauka da shi daga nesa. In iPhone ranka ke so, 15 Pro Max ta 2023 tana da USB-C da idon ninki biyar. Apple a watan Satumba ta saba fitar da sabuwa, Samsung a farkon shekara, kuma bayan kowace fitowa 'yan kasuwa kan sauke farashin ta baya. In wayar hannunka za ta iya kai ka lokacin, ka riƙe kuɗinka ka jira, ragowar ka sayi caja mai kyau da fawa bank.