Haɗa saƙa, rini da bincike a gini ɗaya

Malam, ka ce kana zana gini a birnin Kano da zai haɗa masaƙa, marina da ɗakin bincike, ka rasa yadda za ka raba su. Fara da iska da ruwa. Leƙa Ƙofar Mata ka shaƙi warin baba da toka, za ka gane dalilin da marina take a fili. Sa ta a tsakar gida. Masaƙa dogon wuri take so, saboda jan zare. Mabuga kuwa, ƙarar bugu ba ta barin karatu, nisanta ta da ɗakin bincike. Inda ake yawan kuskure shi ne ajiyar tsofaffin riguna: rana ta koɗar da su, danshi ya ci. Ruwan rini dai, nemi injiniya kafin ka sake shi kwatar unguwa.